Man juyen da ya dace da sabuwar tarakta a ƙasar Adar

Ranar da aka sauke sabuwar tarakta a gari, taya kowa ke dubawa, da fenti, da yawan dawakinta. Manya na yi wa mai ita barka da arziki, yara na zagaya ta. Littafin da ya zo da ita kuwa yana cikin leda a ƙarƙashin kujerar direba, kuma nan zai zauna har ɓeraye su gano shi. Bayan mako biyu ko uku sai a aiki yaro kasuwa, a ce masa, "Je ka sayo man juye, ka ce a ba ka mai kauri."

Na yi shekaru ina kula da taraktar ƙungiyarmu ta manoma a tsakanin Konni da Galmi, kuma da irin wannan aike muka kashe injin ta farko. Daga tano aka auno mana man, a wurin wani ɗan kasuwa da ya ce irinsa manyan motoci ke sha. Ba ta cika damina biyu ba ta fara hayaƙi mai shuɗi tana shanye mai, muka rasa kwanakin huɗa muna jiran kayan gyara daga Yamai. Tun daga lokacin ba na zaɓen mai da suna, ba na zaɓe da murza shi tsakanin yatsu. Layi biyu nake karantawa a jikin galan, in gwada su da abin da littafi ya ce.

Fara da littafin

Kafin ka je wurin mai sayarwa, ciro littafin daga leda. Mafi yawansu da Faransanci ko Ingilishi suke. In ba ka karanta su, nemo ɗan makaranta ya zauna kusa da kai. A shafin kula da inji akwai jadawalin mayuka. Abu huɗu za ka kwafe a takarda ka sa a aljihu: lambar kaurin mai, wadda ke farawa da SAE, ajin ingancinsa, wanda ke farawa da API ko ACEA, lita nawa injin ke ɗauka tare da filta, da kuma awa nawa ake yi kafin juyen farko da waɗanda ke biye.

In dillalin bai ba ka littafi ba, koma ka karɓa, haƙƙinka ne. Ka kuma tambaye shi ko garantin ya ɗaure ka da wani mai na musamman ko da yin juyen farko a wurinsu, domin idan inji ya samu matsala rasiɗin mai ne abu na farko da za su nema. A gefen injin akwai ƙaramin farantin ƙarfe mai ɗauke da sunansa da lambarsa. Ɗauki hotonsa da waya. Sunan tarakta daban, sunan inji daban: Massey Ferguson da yawa injin Perkins ne a cikinsu, kuma da lambar injin ake samun filtar da ta dace.

Layi na farko: kauri

Za ka ga an rubuta 15W-40, ko 10W-30, ko 20W-50, ko SAE 40 shi kaɗai. Lambar farko mai W tana faɗin yadda man ke gudu da sanyi, lokacin da aka tayar da inji. Ta biyu tana faɗin kaurin da ya rage masa idan ya yi zafi, a digiri 100 ake auna ta. Mai lamba biyu yana da sinadarin da ke hana shi tsinkewa da yawa idan zafi ya hau, shi ya sa yake gudu da asuba kuma ya riƙe jikinsa da azahar.

A nan Tawa sanyi ba shi ne damuwarmu ba. Ana gwada mai 15W a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, mu kuwa ko a tsakiyar hunturun Janairu ba mu kusantar haka. Zafin Afrilu da Mayu ne abin lura, lokacin da inuwa kanta ke wuce digiri 40, tarakta na jan garma a busasshiyar ƙasa. Ga kusan duk injin gazuwal na tarakta da ake sayarwa a ƙasar nan, 15W-40 ne amsa. Idan jadawalin littafinka ya jera kala-kala gwargwadon zafin gari, bi layin da ya kai digiri 40 ko 50, za ka tarar nan ya tsaya. Mai 10W-30 yana cikin littattafai da yawa, amma dubi inda kibiyarsa ta ƙare. Sau da yawa ba ta kai zafinmu.

Bari in tsaya a kan maganar "mai kauri", don ita ce ta fi cin mutane. Wani dattijon direba da nake girmamawa ya taɓa ce mini, "Ɗana, zafin Adar sai mai hamsin. Wannan naku ruwa ne." Na ce, "Baba, a tsohuwar motarka gaskiyarka ne." Injin da ya tsufa ƙarafansa sun cinye, tazarar da ke tsakaninsu ta buɗe, mai kauri na cike gurbin ya rage hayaƙi. Sabon inji tazararsa ba ta kai kaurin gashin kai ba. Idan ka zuba masa SAE 50, da safe famfo zai daɗe kafin ya tura man zuwa saman inji da turbo, wato na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska, kuma a cikin waɗannan ƴan daƙiƙu ƙarfe na goga ƙarfe a bushe. Ga ƙarin shan gazuwal, ga ƙarin zafi, tunda mai ba santsi kaɗai yake bayarwa ba, yana kwashe zafi daga ƙarƙashin fistan, kuma mai nauyi ba ya zagayawa da sauri. Ka bar 20W-50 sai ranar da injin ya tsufa, bakanike ya auna ya ce lokaci ya yi.

Layi na biyu: aji

Wannan layin ƙananan haruffa ne, galibi a bayan galan, kuma ya fi na farko muhimmanci. Mai biyu na iya zama 15W-40 dukansu, ɗaya na motar esansi, ɗaya na injin gazuwal. API cibiyar man fetur ce ta Amurka, ita ke raba ajin. Wanda ya fara da S, kamar SL ko SN, na esansi ne. Wanda ya fara da C na gazuwal ne. Idan aka haɗa biyun, kamar CI-4/SL, na farkon ne asalin aikin man, don haka ka tabbata C ne a gaba. Man babur da man ƙananan motoci ba su da gurbi a injin tarakta, ko da kaurin ya zo ɗaya.

Harafi na biyu yana hawa da zamani. CH-4 ya fito a 1998, CI-4 a 2002, CJ-4 a 2006, CK-4 a ƙarshen 2016. Na baya da su, irin su CD da CE da CF, an daina ba su lasisi, amma har yanzu suna cike da kasuwanninmu saboda araha. Ƙa'idar ita ce kada ka sauka ƙasa da abin da littafi ya rubuta. In ya ce CH-4, CI-4 ya yi. In ya ce CI-4, CF bai yi ba ko da kyauta ne. Turawan Turai suna da nasu ma'auni, ACEA: E7 yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da CI-4, E9 kuma da CJ-4. Akwai wani aji, FA-4, da aka yi wa wasu sababbin manyan motocin kan titi. Ba na tarakta ba ne, ka wuce shi.

Me ya sa ajin ke da nauyi haka? Gazuwal idan ya ƙone yana barin kunkunniya, wadda ke sulalewa ta gefen zobban fistan ta faɗa cikin mai. Man juye na kirki na injin gazuwal yana da sinadarin da ke riƙe wannan baƙin a warwatse, kada ya dunƙule ya zama taɓo ya toshe hanyoyi. Shi ya sa yake yin baƙi cikin ƴan awoyi, kuma wannan baƙin alamar yana aikinsa ne. Wanda ya ce maka mansa ya yi wata guda yana nan fari tas, dattin a jikin injinsa yake kwance.

Sai farar wuta, wato salfa, da ke cikin gazuwal. Idan ta ƙone ta haɗu da tururin ruwa tana zama asid mai cin ƙarfe. Man juye yana ɗauke da abin da ke kashe kaifin asid ɗin, ana auna shi da lambar TBN, kuma yana ƙarewa a hankali kamar yadda kanwa ke ƙarewa a tukunya. A nan ne zaɓe ya rabu gida biyu, sai ka san wace irin tarakta ce a hannunka.

Yawancin waɗanda ke shigowa nan, na Indiya da na Sin da Massey Ferguson masu tsohon tsari, famfon gazuwal ɗinsu na ƙarfe ne zalla, salansarsu ba ta da matatar hayaƙi. Waɗannan CI-4 ko E7 ya fi dacewa da su, saboda yana da ƙarfin kashe asid kuma ana samunsa ba wahala. Rubia TIR 7400, Rimula R4 X da Delvac MX duk a wannan aji suke. Na ambace su don misali ne, ka dai karanta galan da idonka. Amma in taraktarka ta zamani ce da aka ƙera don kasuwar Turai, mai kwamfuta, mai matatar DPF a salansa, to dole sai mai ƙarancin toka, CJ-4 ko CK-4 ko E9. Tokar CI-4 tana toshe matatar, kuma kuɗin sabuwa ba wasa ba ne. Irin wannan tarakta gazuwal mai tsabta ƙwarai take so, saboda haka kafin ma ka saye ta ka yi tunanin inda za ka riƙa shan gazuwal.

Gazuwal ɗin da ke fitowa daga matatar SORAZ ta Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011, ya bi ta SONIDEP, kamfanin gwamnati mai rarraba shi, ya iso gidan mai, an san asalinsa. Na ruwa-ruwa da ake sayarwa a bido a bakin hanya, musamman kusa da iyaka, wanda ya sayar maka ma bai san abin da ke ciki ba. Wani an gauraya shi da kananzir, wani da ruwa a ƙasansa. Littattafan injuna da dama sun rubuta cewa idan farar wutar gazuwal ta wuce kashi 0.5 cikin 100, a rage tazarar juye da rabi. Ba mu da abin aunawa a gona, shi ya sa ni in larura ta sa mun sha na bido, ina matso da ranar juye.

Man da ya zo a cikinta

Sabon inji yana buƙatar zobban fistan su goge bangon silinda kaɗan su zauna daram. Man da masana'anta ta zuba an zaɓe shi ne don wannan aiki. Kada ka zubar da shi ranar farko don ka sa wanda ka fi yarda da shi. John Deere ma ya fito fili ya hana zuba mansa mai daraja, Plus-50, a lokacin sabunta. Yana da nasa man farko, Break-In Plus, kuma ba a sauya shi kafin awa 100. Kamfanoni da yawa kuwa a awa 50 suke sa juyen farko. Bi na littafinka, kada ka ƙara ko yini ɗaya, domin wannan man yana ɗauke da garin ƙarfen gogewar farko. Filta ma a sauya ta tare.

A waɗannan awoyi a ba ta aiki na gaske, matsakaici, ana sassauya nauyi. Kuskuren da na fi gani shi ne tausayi: a tayar da ita a bar ta tana kaɗawa a tsaye awa guda, ko a riƙa yawo da ita ba kaya don "ta saba". Hakan na sa bangon silinda ya yi sulɓi kamar madubi, zobba su kasa zama, ta riƙa shan mai har tsufanta. Haka nan ba a ɗaura mata garma mafi girma a shiga fadamar Maggiya da ita ranar farko. Man sintetik, wato mai tsadan da ake haɗawa da sinadarai, in kana da halinsa kuma littafi ya yarda, ya jira sai an wuce wannan mataki. Ni dai a ƙurarmu na fi son mai na yau da kullum mai kyau da za a juye kan kari, da mai tsada da za a ji nauyin zubarwa.

A wurin saye

Sayi galan ko bokiti rufaffe, daga gidan mai ko dillalin da in an samu matsala za ka same shi gobe. Duba hatimin murfi ko an taɓa shi. Duba lambar da aka buga da ranar cikawa, ka shafa da yatsa ka ga ko tana gogewa. Rubutun da ya dushe, galan mai tabon tsohon mai a wuya, farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa, duk dalilin ajiyewa ne. Masu jabu tsofaffin galan suke tarawa su cika da man da aka tace, don haka naka in ya ƙare ka huda shi. Karɓi rasiɗi ka ajiye cikin littafin.

Tarakta mai doki 50 zuwa 90 yawanci lita 7 zuwa 10 take ɗauka. Bokitin lita 20 zai yi maka juye biyu, ko ɗaya da na ciko. Mai ɗaya za ka riƙe, na juye da na ciko. In ka makale a daji, ciko da wani mai aji ɗaya da kauri ɗaya ya fi tafiya da inji ba mai, amma kada ya zama ɗabi'a. Kwalaben sinadarin da ake tallatawa wai suna ƙara wa mai ƙarfi, bar su a kanta.

Kada ka manta tarakta ba ciki ɗaya gare ta ba. Giya da gadar baya da hannun ɗaga garma suna shan wani mai daban, wanda ake rubuta wa UTTO, kuma a taraktoci da yawa birki a cikinsa yake nutse. Ka zuba man inji a can, birki ya riƙa kuka yana fizga. Akwai kuma STOU, wanda aka yi don ya shiga inji da giya duka. Yana da sauƙi, sai dai ajinsa na inji sau da yawa bai kai CI-4 ba, don haka sai littafi ya ambace shi. Rubuta wa kowane bokiti sunansa da fenti.

Ranar juye

Tarakta awa ake ƙirga mata, ba kilomita ba. Bayan juyen farko yawanci awa 250 ne, wasu 300, wasu sababbi 500 idan mai da gazuwal duka masu kyau ne. Yi lissafi: a farkon damina, in tana aikin awa 10 kullum, kwana 25 ya cika 250. Mutane da yawa suna tsammanin juye ɗaya ya ishe su shekara, alhali a watan Yuli kaɗai sun wuce. Littattafan sun ce a rage tazara a wurin ƙura da zafi, kuma mu kullum a nan muke. Ni ba na bari ta wuce 200 lokacin gyaran garaken albasa, sa'ad da ƙura ke rufe direba har ba a ganinsa. In awoyin ba su cika ba, a juye sau ɗaya a shekara. Na fi son a yi shi kafin a ajiye ta, kada ta kwana watanni da mai mai asid a ciki.

Tsayar da ita a wuri mai daidai, inda iska ba ta kaɗo rairayi. Bari inji ya yi ɗumi, ka kashe, ka sa kwano, ka kwance notin ƙasa. Ba shi lokaci ya tsiyaye sarai. Dubi bakin notin: ɗan gari baƙi ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa a kira bakanike. Cire tsohuwar filta, ka tabbata robarta ba ta manne a jikin inji ba. Shafa wa robar sabuwa ɗan mai, ka ɗaura da hannu, in ta taɓa ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ba a ɗaure filta da sifana. Mayar da noti, goge bakin zubawa kafin ka buɗe shi, kuma mazurarin ya kasance daga cikin leda ya fito. Mazurarin da ya kwana a ƙasa yana iya zuba wa inji rairayin da filtar iska ta yi wata tana tarewa.

Zuba ƙasa da adadin kaɗan, ka tayar ba tare da taka totur ba, ka ga fitilar mai ta mutu cikin ƴan daƙiƙu. In ba ta mutu ba kashe nan take. Leƙa ƙasa ko akwai ɗiga. Kashe, jira minti biyar, ciro sandar awo ka goge ka mayar ka sake cirowa. Man ya tsaya tsakanin zane biyu, kusa da na sama. Wuce zanen sama ba alheri ba ne: mai na yin kumfa ya fasa robobi.

Daga nan sai duban kowace safiya, kafin a tayar. Man da ya koma kalar shayi da madara ruwan lagireto ne ya shiga, kada a tayar da ita. Man da ke ƙaruwa da kansa yana warin gazuwal, allura ko famfo ne ke zuba. Filtar iska ma a duba ta kullum a lokacin ƙura, don abin da ya wuce ta cikin mai yake ƙarewa. Ta takarda ba a buga ta a jikin taya, mai kwanon mai kuwa man inji ake zuba mata daidai zane. In tana da turbo, direba ya bar ta ta kaɗa minti biyu ko uku bayan aiki mai nauyi kafin ya kashe, kada man da ke cikin turbo ya ƙone ya daskare.

Tsohon man a tara shi a bido rufaffe. Kada a zubar kusa da rijiya ko garka, ruwanmu a fadama ba shi da zurfi. Na sha ganin ana shafa shi a gyambon jaki ko ƙaswar raƙumi. Don Allah a daina, guba ne ga fata, ta dabba da ta mutum, kuma wanda ya yi juye ya wanke hannu da sabulu. Kafin a tashi daga wurin, ɗauko fenti ko alli ka rubuta a cikin murfin inji awar da agogo ke nunawa yau, da sunan man, da awar juye na gaba, da manyan lambobi yadda direba zai gani duk safiyar da ya ɗaga murfin.